Fakara Huɗu Cikin Tukunya Guda

Shekara ashirin da biyu ina auren Taibatu, ubanta bai taɓa kai loma guda ta naman farautata bakinshi ba. Surukina ne, ba na kama sunanshi, Malam nake ce mishi kamar yadda duk unguwarsu a Talata Mafara take cewa. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ni kuwa Mainasara na Damri, ɗan mafarauci ne jikan mafarauci. Allona bai wuce izu biyu ba na jingine shi, boko aji uku na yi na gudo. In na kai wa Malam shinkafar da na noma, ya karɓa ya sa albarka. In na kai albasa, haka nan. Amma ran da na kai zomo ko zabon daji, sai ya ce an gode, a shiga da shi ciki. Bayan kwana biyu in ji a bakin yara cewa maƙwabta anka rarraba wa. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don mutum ba ya tsare surukinshi da tambaya. Amma abin yana nan maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

To bana, bayan an kwashe shinkafar damina, zazzaɓi ya kada Malam sati uku. Ya tashi, amma baki ya mutu, ko tuwo ba ya iya haɗiyewa. Taibatu ta tafi dubiya ta yi kwana biyu. Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Maigida, Baba ya ce romon fakara yake marmari. Ya ce a gaya maka."

"A gaya ma wa?"

"Kai mana. Akwai wani mai kare a danginmu?"

"Da bakinai yac ce ni?"

"To da bakin wa zai ce? Ko sai an rubuto maka a allo ka wanke ka sha?"

Na ƙyale ta. Amma ranar ko abincin kirki ban ci ba, sai wasa wuƙa.

Wanda bai san halin da muke ciki ba zai ce mi ne ne wahalar fakara. Dajin da ubana ya koya mini farauta, can wajen Gidan Goga, yanzu ba namu ba ne, na masu bindiga ne. Bindigar toka da na gada kuwa tana binne, don in jami'ai sunka gan ka da ita kai ɗan ta'adda ne, in mutanen daji sunka gan ka da ita kai ɗan sa-kai ne, kowanne kabari. Abin da ya rage mini shi ne kere, wato sandar jifa mai lanƙwasa, da wuƙa, da karena Ƙyale-su. Wurin farauta kuma sai gonakin shinkafa na bakin ruwan Bakolori, su ma na 'yan kwanakin nan ne kawai da tsuntsu ke saukowa kalar tsaba kafin a sako shanu.

Ina idar da sallar asuba na fita. Fakara tsuntsuwa ce mai wayon tsiya. Ba ta tashi sai ta ga babu makawa, gudu take yi da ƙafa cikin kututturen shinkafa, kai ƙasa, sai kana dab da taka ta ta fashe sama da fuka-fuki kamar an yage zane. A wannan ƙiftawar ido za ka sake kere. In ka same ta, ta faɗo a sume, kare ya ɗauko maka ita da rai, don na hore shi ba ya matse baki. Kafin rana ta ɗago sosai na sami uku. Kowacce na juya ta gabas, na yi bisimilla, na yanka, ta yi shure-shurenta ta gama.

Ta huɗun ba ni na jefe ta ba. Ina duƙe ina goge wuƙa a ciyawa, sai wani ƙaton namiji ya tashi daga ƙarƙashin hancin Ƙyale-su. Kafin in ɗago kai, karen ya yi tsalle ya cafke shi a iska. Da na iso, wuya ya riga ya karye, kai na lilo. Na sa mishi wuƙa a maƙogwaro kamar yadda na ga ubana yana yi, na jefa jaka. Ban yi tunanin komai ba sai daɗi. Kare ya kama fakara a sama, ba kullum ake gani ba.

Da na iso gida Taibatu ta riga ta ɗora ruwan zafi. Na ce ta sauke.

"Ba za a fige ba?"

"Za a fige, amma ba da hannunki ba."

"Ikon Allah. Ubana, murhuna, amma ba da hannuna ba."

Mata fakara suke dafawa kamar kazar gida, shi ya sa take fitowa kamar igiyar guga. Ba a tsoma ta ruwan zafi, ruwan zafi yana wanke ƙamshin daji. A bushe na fige su, gashi-gashi, na hura karan gero na babbake har fatar ta yi ja ta fara naso. Na fasa ciki, na aje ƙundu da hanta, na zubar da sauran. Kowacce na sassara ta gida shida. Na ɗauko tukunyar ƙasa ta marigayiya uwata wadda ba kowa ke taɓa ta ba, na zuba man shanu cokali guda da albasa manya biyu, na juye naman duka a kai ba ruwa, na rufe. Sai da ya fitar da ruwan jikinshi ya shanye abinshi, sannan na zuba ruwa, sau guda tak, don wanda ya ƙara wa fakara ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa ya ɓata aikinshi. Kanwa kamar ƙwayar wake. Citta, kanumfari, masoro, kimba, duk ni na daka su da kaina. Daddawa biyu. Barkono ɗan kaɗan, saboda cikin mara lafiya. Wuta ice uku, ƙasa-ƙasa, ba a barin ta ta yi harshe.

Daga hantsi har azahar ta gota ina tsugune gaban murhu. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce ko suna ake yi ba a gaya mishi ba. Taibatu tana wucewa tana dawowa.

"Shekara ashirin da biyu ban san ka iya riƙe ludayi ba. Da na sani da na huta."

"Wanga ba girki ba ne, aiki ne."

"Mu namu wasa ne kenan."

Da na ɗaga murfi na taɓa cinya da tsinke, nama ya saki ƙashi da kanshi. Romon ya yi kauri, ya yi ja-ja, mai ya taso yana ido a sama. Ban ɗanɗana ba ko sau guda. Na ce bakin Malam ne zai fara.

Munka ɗaure murfin da tsumma, munka naɗe tukunyar cikin zane. Taibatu ta hau bayan babur ta rungume ta a cinya, ni kuma na riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, duk rami sai na kewaye shi. Ana fitowa sallar la'asar munka isa Mafara. Ita ta miƙa mini tukunyar ta shige cikin gida wurin mata, ni na cire takalmi tun daga waje na yi sallama a zaure.

Malam yana jingine da filo a kan buzu, ya rame har wuyan rigarshi ya yi mishi yawa. Akwai dattawa biyu 'yan dubiya. A gefenshi kuma Hafiz, autan gidan, ƙanin Taibatu. Wanga Hafiz, lokacin da nake neman yayarshi a wuyana nake ɗaukar shi in kai shi kallon kasuwa, har fitsari ya taɓa tsula mini a riga. Yanzu ya yi karatu a Sakkwato, ya ƙara a ƙasar waje, ya dawo da gilashi da gemu, yana koyarwa a Islamiyya.

Na tsuguna daga bakin ƙofa. Munka gaisa, ya jiki, ya gida, ya mutanen Damri, ya aka ji da zama cikin wanga hali, ya amfanin gona. Sai da gaisuwa ta ƙare na tura tukunyar gaba. Hafiz ya kwance zanen yana dariya.

"Sarkin dawa da kainai! Yau dai an ga ranar karnukanka, Yaya."

"Kai dai buɗe a hankali, Malam ƙarami, ba littahi ba ne."

Yana ɗaga murfi ƙamshi ya cika zauren. Na ga hancin Malam ya motsa. Na ga maƙogwaronshi ya hau ya sauka. Ya ce, "Masha Allahu. Rabona da wanga ƙamshi tun ina almuhajiri a ƙasar Maradun. A kawo ruwa." Aka kawo buta da kwano, ya wanke hannu. Hafiz ya fara zuba romo a akushi.

A nan ya kamata in tashi. Suruki ba ya cin abinci a gabanka, niyyata in fita in tsaya bayan bango, in ji ƙarar kurɓa ta farko da kunnena, shi kenan in san na huta. Har na dafa ƙasa, sai ɗaya daga dattawan ya ce, "Kai kuwa ina kas samo fakara huɗu a wanga zamani, ba bindiga?"

Bakina ne ya kashe ni. Na koma na tsuguna na fara ba da labari. Yadda na jefi ta farko, yadda ta biyu ta so ta shige rami. Da na zo kan ta huɗu har da ɗaga hannu. "Wallahi ina duƙe, ban ma gan ta ba. Kahin in ɗago kai karena ya riga ya ɗauke ta a sama, ƙas, ya karya wuya. Kare irin wanga babu shi daga nan har Bakura."

Dattawan sunka yi dariya. Hafiz bai yi ba. Ludayin ya tsaya a hannunshi.

"Tsaya, Yaya Mainasara. Kai kas sake shi, ko shi yat tafi da kainai?"

"Wace irin tambaya ce wagga? Kare ne, ba babur ba da sai an tada shi."

"Kuma kac ce ta mutu kahin ka iso?"

"Na sa mata wuƙa."

"Bayan ta mutu."

Ya aje ludayin. Ya gyara gilashi, ya yi bayani a hankali kamar yana gaban ɗalibanshi. Wai abin da kare ya kashe yana halatta ne in kai ka tura shi daga hannunka, da niyya, da bisimilla. In shi ya zabura da kanshi ya kashe kafin ka riski abin da rai, to don kanshi ya kama, mushe ne. Yankan bayan mutuwa ba yanka ba ne.

Mushe. A gaban baƙi. A kan tukunyata.

Na ce, "Na yi bisimilla tun ƙohwar gida kahin in hita."

"Waccan ta hita ce, Yaya."

"To bisimilla tana ƙarewa ne a hanya kamar man babur?"

Ɗaya dattijon ya rufe baki da hannun riga. Ni kuwa jini ya riga ya hau mini kai. Na ce, "Kai da ba ka iya rarrabe fakara da hankaka ba sai an fige, kai za ka koya mini abin da ake ci a daji? Ka taɓa taka raɓa da asuba? Ka san inda nit tafi na samo wanga nama, da abin da ka yawo a wurin? Uku na yanka da hannuna. Ta huɗun na san ta, namiji ne, ƙashin ƙahwarshi ya fi kauri. Ba ni ludayin in tsame shi yanzu."

"Romon fa? Tare sunka dahu tun hantsi. Shi ma za ka tsame?"

Malam ya ɗaga hannu, hannun nan da ya wanke, ruwa na ɗiga daga yatsun. Ya kira sunana.

"Mainasara."

"Allah gafarta Malam."

"Mutum kan yi magana bai san ya yi ba. Mai yiwuwa ka ga motsinta, kac ce ma karen kama, bisimillahi, sannan ya tashi. Cikin hanzari ka manta. Ka tuna da kyau."

Ni ba yaro ba ne. Na san ƙofa yake buɗe mini. Ba kowa a gonar nan sai ni da Allah da kare, kare kuwa ba ya shaida. In na ce haka ne, maganata ce hujja, Hafiz da duk littattafanshi ba su da ta cewa. Na dubi akushin, tururi na tashi. Na dubi Malam, shi ma akushin yake kallo.

Kada in yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe ni. Haushi ne. Shekara ashirin da biyu ina jiran mutumin nan ya ci abin da na kamo, sannan ran da zai ci, sai na haɗa mishi da ƙarya ya iya haɗiyewa? To ai ba namana ya ci ba kenan.

Na ce, "Ban ce mishi komi ba. Wuƙa nike gogewa."

Malam ya sake cewa, "To da kas sa wuƙar, ba ta shura ba? Ko ƙahwa guda? Ko ƙyafta ido?"

"Ba ta shura ba. Jinin ma ɗan kaɗan ne, baƙi."

Ya sauke numfashi. Ya ɗauki gefen rigarshi ya goge hannun, yatsa bayan yatsa. Ya ce wa Hafiz, "Mayar ka rufe."

Jin ƙarar romon nan yana komawa tukunya, sai na manta da kunya, na manta a gaban wa nake. Na ɗaga murya a zauren surukina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Malam, haka ubana yay yi ta yi har ya mutu. Haka ubanshi yay yi. Da naman nan anka goya mu, mu tara. Mutum ne da bai taɓa barin sallah ba, bai taɓa cin na wani ba. Yau za a ce mini mushe yac ci, mushe yac ciyar da mu?"

Dattawan sunka sunkuyar da kai. Hafiz ya buɗe baki, Malam ya dube shi, ya rufe.

"Allah ya jiƙan ubanka, na san shi," in ji Malam. "Shi bai sani ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Kai yanzu ka sani."

Sannan ya juya ya ce a gaya wa mata su dama mishi kunu.

Ban tuna ko na yi sallama ba. Na naɗe tukunyar da kaina, da zafinta, na fito. Aka kira Taibatu. Labari ya riga ya isa cikin gida, don ba ta tambaye ni komai ba, ta hau ta karɓi tukunyar. Sai da munka bar gari ta yi magana a bayan kunnena.

"Da ka bar ni na taɓa naman, da na tambaye ka yadda kowacce ta mutu."

Na taka birki. "Ke ma kin sani?"

"A gidan Malam anka haife ni."

"Shekara ashirin da biyu kina cikin gidana, kin sani, ba ki taɓa buɗe baki ba?"

"Na buɗe. Shekarar da na haifi Amira, da kak kawo zomo. Kac ce in ina son wa'azi in koma gidan ubana."

Ban tuna ba. Amma maganar ta yi kama da tawa.

A gida na sauke tukunyar a tsakar gida na zauna gabanta. Tun asuba ban ci komai ba. Na ce su can su ƙi, ni zan ci abina, ai ba yau na fara ba. Na buɗe, romon bai huce ba, ƙamshin yana nan yadda yake. Na wanke hannu. Na miƙa. Wallahi hannun nan ya ƙi shiga. Sau uku ina miƙawa. Abin da ya fi ƙona mini rai kenan har yau. Ba su ci ba, kuma sun hana ni ci, har wanda na ci shekarun baya sun bi shi sun ɓata mini.

Na juye a kasko na kira Ƙyale-su. Fakara huɗu, man shanu, kanumfari, wunin mutum guda a gaban murhu, kare ya lashe tas ya kwanta a inuwa yana hamma.

Bayan kwana uku Hafiz ya kira wayar Taibatu. Wai a ba ni haƙuri, ba don ya kunyata ni ya yi ba, kuma Baba har yanzu bakinshi bai dawo ba, yana ta zancen ƙamshin nan. Ta rufe wayar da tafin hannu ta dube ni.

"Mi zan ce mishi?"

"Ce mishi ga kere nan rataye, ga kare. Ya zo ya ɗauka, tunda shi ya san inda ake sa bisimilla."

Ba ta gaya mishi haka ba, na ji ta tana cewa ina gaishe su. Washegari da asuba dai na fita, ban gaya wa kowa ba, karen ɗaure da igiya a hannuna. Na tarar an sako shanu, sun tattake gonakin tun daga bakin ruwa har hanya. Na yi yawo har rana ta take, ko gashin fakara ban gani ba. Tsuntsayen sun koma dajin da ba mu shiga.